Dodon Ummi

Daren Laraba, unguwar Utaibiyya

Yau na gama dodon. Da kwarashi na saƙa shi, da ragowar koren ulun hulunan da Mama ke sayarwa, na cusa masa audugar tsohon filo. A waya na ga irinsa, wai Turawa na yinsu a wannan watan na tsoratarwa. Nawa dai bai da ban tsoro. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, haƙoransa biyu kacal.

Don ƙanwata Ummi na yi shi. Tun da Mama ta ce mata akwai dodo mai kama yara a bakin lungu, ba ta barci sai ta yi kuka. Ni na san jami'ai masu tambayar iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, Mama ke nufi, mu kuwa ba mu da ita. To yaya za a faɗa wa 'yar shekara huɗu haka?

Da na miƙa mata, ta ja baya, sannan ta taɓa haƙorin da yatsa. Ta ce, "Yaya, shi ne na lungun?" Na ce e. Ta yi dariya, ta goya shi da ɗankwalina. Daɗi ya cika ni.

Bayan isha'i sai ta ce, "Mama, halas, shi ke nan, gobe ni kaɗai zan je baƙala, shagon bakin lungu. Ai dodo abokina ne."

Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni kawai, ta tashi ta ja sakatar sama, wadda hannun Ummi bai kai ba.

Ummi ta yi barci ba kuka, tana rungume da shi. Yanzu ni ce nake ta sauraron ƙofa.