Rawani a Kan Ƙanena

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau a aji na shiga darasin ire-iren mulki. Turancin littafin ya gagari yaran, na juya Hausa, ita ma Hausar ta nemi ba ni kunya. Ta Saudiyya, inda wuƙa da nama ke hannun sarki, da ta Ingila, inda sarki ke zaune wasu na mulki, duk sarauta za a ce? Na ce ta farko sarauta mai cikakken iko, ta biyu sarautar da tsarin mulki ya ɗaure. Jamhuriya kuwa ita ce tamu, ba gado, sai ƙuri'a. Wata yarinya daga baya ta ce, "Malam, in jamhuriya muke, mai unguwa fa wane iri ne?" Na ce ta zauna, ba ya cikin manhaja. Amma tun daga Dutsin-Ma har Kurfi ina bisa babur ina juya tambayar.

Alhamis, 9 ga Mayu

Dattawan unguwa sun zo kan sarautar marigayi Baba. Shi ne mai unguwarmu har Allah ya karɓi ransa, ni kuma ni ne babban ɗa, wai sunana za su kai fada. Na ce a kai kasuwa! Ina koya wa yara ƙuri'a da safe, da yamma in naɗa rawanin gado? Ga ƙanena Ilu nan, kullum yana zaure gefen Baba, ya san kowa da kakansa. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Malam Zubair, ka dai yi tunani." Tunanin me? Na ji kaina wasai.

Juma'a, 17 ga Mayu

An naɗa Ilu. Rawanin ya yi masa yawa, kamar an kifa ƙwarya a kan tulu, da ƙyar na danne dariya. Da muka dawo ya zauna a zaure kan buzun Baba, sai ga tsofaffi sa'annin Baba suna tuɓe takalma suna durƙusawa. Ilu fa! Wanda na koya wa keke, wanda na sha zanewa in ya bar awaki sun shiga gonar mutane.

Matata Raudatu ta ce, "Kai ma fa sai ka shiga gaisuwa." Wallahi tallahi wannan bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ta ƙofar baya nake fita yanzu. Ta fi kusa da titi.

Laraba, 22 ga Mayu

A ɗakin malamai na tsare malamin Larabci. Ya lissafo mini daula, halifanci, imara, ya ce daula asalinta juyi ne, yau ga wannan gobe ga wancan. Abin ya burge ni. Na ƙara da mulkin soja, da na kama-karya, da na 'yan tsiraru. Duk na dudduba, babu wanda ya yi daidai da Ilu a kan buzu.

Na kuma samu ɗakin haya a Dutsin-Ma. Na ce wa Inna man fetur ne ya yi tsada, gara mu koma kusa da makaranta. Ta daɗe tana tsince wake kafin ta ce, "Mai ne ko girman kai? Haka baffanka Ummaru ya yi da aka naɗa ƙanensa, ubanku. Ya kwashe iyalinsa ya koma Makera, bai sake kwana gidan nan ba har ya mutu. Na ga ɗaya, ban son ganin na biyu." Raina ya ɓaci sosai. Ita kanta Inna ta daina kiran sunan Ilu, sai dai "Mai Unguwa ya ci abinci?"

Asabar, 25 ga Mayu

Na wuni ina leƙen zaure ta tagar ɗakina, don ilimi kawai. An kawo rago da ya ɓata. An kawo wasu 'yan'uwa masu faɗa kan iyakar gona. Wani baƙo daga Zobe ya zo neman masauki. Ilu ba shi da ɗan sanda, ba shi da gidan yari, muryar ma ba ta da ƙarfi, amma in ya yi magana sai a tashi a tafi. Soja bindiga ke riƙe da shi, shugaban jamhuriya ƙuri'a. Wannan fa, me ke riƙe da shi? Na rasa.

Da la'asar muka yi kiciɓis cikin gida, ba rawani. Ya rusuna kamar kullum, "Yaya, ina wuni." Na amsa ta hanci. Ya rame. Shi kaɗai yake cin abinci yanzu, wai haka al'ada take.

Laraba, 29 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka jiya, yau ga ƙara. Indararon Audi mai hatsi yana zuba kan katangar Malam Sada, har ta fara zaizayewa. Ilu ya ce Audi ya juya shi cikin gidansa. Ina jin komai ta taga. Audi ya ce, "Yayanka da kuka fito ciki ɗaya bai taɓa tuɓe maka takalmi ba, sai ni zan ji maganarka?" Ya kaɗe riga ya fita.

Na jira Ilu ya zo ya yi mini ƙorafi, in samu abin faɗa. Bai zo ba. Ya ma aiko mini da zabuwar da aka kawo masa. Wannan yaro zai kashe ni da haƙuri.

Kunya nake ji. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Juma'a, 31 ga Mayu

Bayan masallaci zauren ya cika maƙil. Na bi ta ƙofar gaba. Ban shirya ba, ƙafa ce ta kai ni. Na tuɓe takalma a bakin ƙofa. Ilu ya ɗago ya gan ni, ya yunƙura zai miƙe, na watsa masa irin hararar da ya sani tun yana yaro, ya koma ya zauna. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe."

Wani dattijo ne ya amsa a madadinsa. Ilu kuwa ya ja gefen rawani ya rufe fuska, wai zufa yake sharewa.

Lahadi, 2 ga Yuni

Mai ɗakin Dutsin-Ma ya kira, na ce masa ɗakin ya yi mana ƙanƙanta. Ban tambayi kowa ko Audi ya juya indararonsa ba, ba ruwana. Ra'ayina kan sarauta yana nan daram, ni ɗan jamhuriya ne. Gwiwar dama ce kawai ke ɗan ciwo tun Juma'a. Za ta saba.