Wayar Mikail Bayan La'asar

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
Mikail ya kira daga Amurka, muryarsa ba daɗi. Aiki ya mayar da shi wata jiha, wai doka ta hana likitarsa ci gaba da ganinsa, ko ta waya. Dakta Zaituna, masaniyar halayyar ɗan Adam, ita ke sauraronsa tun rasuwar Inna. Lasisinta na jiharta ne kawai. Ita kaɗai ya samu mai jin Hausa. Ya ce, "Yaya, da Turanci ba na iya kukan Inna."
Ƙanina, autan gidanmu, da furfurarsa.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Kullum bayan la'asar yanzu yake kira. Ni ba likita ba, sai mu koma hirar unguwarmu, Sheshe ta da. Soron gidanmu, da Baffa na ɗinkin hula a ciki. Ranar da Mikail ya ɓata a kasuwar Kurmi aka tsinto shi wajen masu turare yana cin alkaki, ko a jikinsa.

Juma'a, 1 ga Maris
Ya tambaya ko kurnar tsakar gida tana nan. Na ce tana nan. An sare ta bara.

Asabar, 13 ga Afrilu
Mun yi dariya har na ƙware, kan yadda Inna ke ɓoye naman salla a ƙarƙashin gado don gudun hannunsa. Rabon da in yi dariya a ɗakin nan, na manta.

Lahadi, 5 ga Mayu
Albishir, in ji shi. Jiharsu ta sa hannu a dokar da ta bar irin su Dakta Zaituna su yi aiki a wata jiha. Ya koma wurinta. Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciya na faɗa.

Talata, 14 ga Mayu
Bai kira ba. Lafiya ce ta sa, na sani.

Laraba, 22 ga Mayu
Ni na kira yau. Muryarsa garau. Can na ce wata maƙwabciyata ce ke tambaya ko akwai irin likitocin nan a Kano, ita ma ta rasa uwa, har yau ba ta taɓa zama ta yi kuka ba.
Ya ce, "Akwai, Yaya. Ki ce mata zan nemo mata, mace, mai haƙuri."
Na ce zan faɗa mata.