Littafin Lambobi na Kawu Shigeo

Nakano, Tokyo
12 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Noboru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Kullum da safe in na ajiye shayi a gaban hoton iyayenmu sai na roƙa maka lafiya da tsawon rai, musamman wannan gwiwar da ka ƙi kai wa likita. Mu nan sanyi ya fara shigowa, ku kuwa na san zafi ne ke tunkarar ku a Adelaide. Maigidana Kenzo yana nan da taurin kansa, likita ya hana shi gishiri amma shekaranjiya na kama shi a bakin tulun ganyen da nake jiƙawa da gishiri yana lasar yatsa. 'Yata Chinatsu lafiya lau, jikata kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a gidan.

Na zaɓi in rubuta ne don a waya ka iya zille wa magana. Ka san mun cika kwana arba'in da tara da rasuwar Kawu Shigeo, lokacin raba kayan mamaci ga dangi da abokai ya yi. Ni da Chinatsu muka je share ɗakinsa. Mutumin da muka sani da rubuta allunan shaguna, sai ga akwati bakwai na zane a bayan shimfiɗunsa. Ƙarti ne zalla, masunta da leburori da 'yan kokawa, da gashin ƙirji, wasu da tumbi kamar na Kenzo, kuma ba sai an gaya maka ba soyayya ce tsakaninsu. Na zauna daɓas a ƙasa, kunya ta rufe ni. Chinatsu ko a jikinta. Ta ce kada in haɗa su da labaran zanen da ta karanta tana makaranta, masu samari sirara kamar 'yan mata, waɗancan mata ne ke zana wa mata. Waɗannan kuwa maza ne suka zana wa maza masu son maza, shi ya sa mutanen ciki suka yi kama da waɗanda ake gani a gidan wanka na unguwa.

A akwati na ƙarshe muka tarar da wasiƙu da wani littafin rubutu mai baƙin bango. Ashe Kawu da abokansa biyu ne suka riƙa fitar da 'yar ƙaramar mujalla, da farko ta gidan waya cikin ambulan marar suna, daga baya har shagunan littattafai. Na karanta wasiƙu kaɗan. Wani malamin makaranta ya ce jirgin ƙasa yake hawa zuwa garin da ba a san shi ba kafin ya saya, ya cusa ta ƙarƙashin jarida. Wani manomi mai 'ya'ya uku ya ce yana karantawa ya ƙone, wata mai zuwa ya sake saye. A bayan mujallar akwai shafin neman abokin wasiƙa, ba suna sai lamba. Mai son amsawa ya rubuta lambar da fensir a kan ambulan ya aiko, Kawu ya goge lambar ya sa adireshin gaskiya ya tura. Littafin nan shi kaɗai ne ya haɗa lamba da suna, mutum ɗari huɗu da 'yan kai. Da yawansu suna raye, Noboru, da matansu da jikokinsu.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ban da Chinatsu da muka gan shi tare, kai kaɗai na gaya wa zancen littafin, a waya. Bayan kwana huɗu sai ga wani Ogasawara a ƙofata, da kwat da kwalin alewa, ya miƙo katinsa da hannu biyu, wai yana tattara tarihin irin waɗannan zane-zane don ajiya. Ladabinsa ya yi yawa, ni kuwa mai yawan sunkuyo ba ya kwanta min. Ya yabi hannun Kawu, ya ce shi ma irin zanen nan ne ya riƙe shi yana saurayi a ƙauyensu, har idonsa ya kawo ruwa. Sai can da zai sa takalmi ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko an ga wani littafi na sunaye. Na ce masa ni tsohuwa ce, idona ba ya gani sosai. Ya ce tsofaffin masu karatu ne suka ba shi labarin littafin. Wataƙila gaskiya ne. Amma a makon nan kai ma ka kira ni sau uku, kai da sai sabuwar shekara ake jin muryarka, kana cewa in naɗe littafin in aiko maka kada in buɗe. Na ce a raina lallai bakinku ɗaya, kai ka turo shi, kuna son ku baje sunayen bayin Allah a gilashi mutane su zo kallo. Na yi fushi da kai ƙwarai, ina ta buga tukwane a kicin har Kenzo ya tambaye ni abin da tukunya ta yi min.

Saboda wannan zargin na sake buɗe littafin, ina neman sunan Ogasawara ko na ubansa, in gane abin da yake nema. Ban same shi ba. A lamba ta ɗari uku da goma sha takwas na ga adireshin ɗakin kwanan ɗalibai na Sendai, hawa na biyu. Na san shi da ka, domin shekara uku ina aika maka safa da ganyen shayi can. A gefen sunan Kawu ya rubuta da fensir, ƙanana ƙanana: “Ɗan 'yar'uwata ne. Bai san ni ne ba. A taimake shi ya tafi inda zai sha iska.” Sai na tuna yadda Kawu ya yi ta sintiri gidanmu a shekarar nan yana fama da Baba a bar ka ka fita waje karatu, mu kuwa muna cewa shisshigi ne.

Ba zan aiko maka da littafin ba, kuma Ogasawara ba zai gan shi ba. Jiya na kai shi haikalin unguwarmu, inda ake ƙona abubuwan da ba su kamata a zuba a shara ba, na tsaya har ya zama toka, don ko limamin haikalin ban yarda ya leƙa ba. Zanen zan ba Ogasawara, amma sai Chinatsu ta je ta ga wurin ajiyar da idonta, har yanzu mutumin bai gama kwanta min ba. Wasiƙun kuwa suna wurina sai na yanke shawara. Ban gaya wa Kenzo ko Chinatsu abin da na gani ba, wannan maganarka ce. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne shekara arba'in da biyar kana tsorona, ni da na goya ka.

Kenzo yana gaishe ka, Chinatsu da mijinta Takuma suna gaisuwa, Inna Sumie ta ce ka zo kafin ta manta fuskarka. Ni ma haka na ce, ka zo lokacin ziyarar kabari, kuma kada ka zo kai kaɗai. Shekara talatin ina rufe takarda da cewa ka gaida Desmond mai gidan hayarka, na gaji. Ka gaida min surukina, ka tambaye shi ko yana cin ɗanyen kifi.

Ni ce yayarka,
Yaeko