Hoton da Na Rufe a Gwangwani

Zuwa ga jikata, takwarata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, Allah ya tsare min ke. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar nan tawa. Kawunki ya gyara min rufin ɗaki. Matarsa ce ke rubuta wannan, na ce kar ta gyara min magana.

Hoton da kika aiko ya iso. Ni na ɗauka fure ne, har na jingina shi jikin madubi. Sai mai kemis ya duba, ya ce ai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce aka ƙara mata girma. Wayyo takwara! Abin da ya ɗauke min uwarki cikin kwana huɗu, shi nake ta yi wa murmushi! Na jefa shi a gwangwanin kusoshin kakanki, na rufe, na ɗora dutse. Ga matar kawunki nan tana dariya, ta yi ta yi.

Mai kemis ɗin ya karanta min bayaninki. Wai abin yana da ƙarafa a cikinsa kamar na laima, su ke riƙe da shi har ya kutsa cikin jini, kuma gadonsu yake daga iyayensa. Wai ke aikinki ki nemo inda aka rubuta gadon, ki goge layi ɗaya, ki ga ko zai langaɓe. Sai na tuna rumfar kakanki ta gyaran laima, ke kina ƙarƙashin tebur kina zare masa ƙarafa ɗai-ɗai. Ya buɗe laimar mutane ta rufto masa a ka, ya ce yarinyar nan da ɓarna za ta ci abinci. Uwarki na bakin ƙofa, dariya har da hawaye. Hali zanen dutse.

Amma an ce kiwon ƙwayoyin nan kuke, kuna ba su jini. Jinin wa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da na ce a rubuta ki dawo gida, sai na sa aka soke. Zauna ki yi ta zarewa, har ya rufto. Amma ki aiko min hoton hannayenki biyu, ki naɗe riga har gwiwar hannu, in gani da idona. Ran da ya zo zan ɗauke dutsen.

Kawunki da matarsa da gwaggonki suna gaishe ki. Mai kemis ya ce a gai da likitar laima.

Ni ce kakarki, ga dangwalen yatsana.