Ranar da Baba Ya Yaye Tamfol ɗin Mota

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani mai kewa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta kuwa sai tsawo take yi ba hankali.

Yaya, ranar Talata da safe na fito zan tafi shago, sai na tarar da Baba tsaye jikin motarsa. Ya yaye tamfol ɗin da muka rufe ta da shi tun bayan haɗarin nan da ya sa shi tsoron tuƙi, yana goge gilashi da tsumma. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya gyara madubi da yatsa biyu yadda ya saba.

Na ga saƙonki cewa a daina kai shi wajen likitar nan, tunda wata huɗu ba allura ba ƙwaya sai hira, a nemi mai ba shi maganin barci. Don Allah ki saurare ni, ni ke raka shi. Ita masaniyar halayyar ɗan Adam ce, ba ta rubuta magani. Shekara goma sha biyu ta yi a babban asibiti, ta ce can minti biyar take samu da mutum, shi ya sa ta buɗe nata wurin a saman wani kantin magani. Kujeru biyu ne, ba tebur a tsakani. Na lura agogon ma a bayan Baba ta rataye shi, don kada ya ga tana duba lokaci.

A mako na uku ta kira ni da Inna. Da ta ji mun ɓoye makulli a aljihun keken ɗinki, mun rufe motar, kuma ko an ambaci tuƙi sai mu kawar da zancen, ta ce mun yi don tausayi, amma kullum muna tabbatar masa motar abin tsoro ce. Na ji kunya, don ni na ɗaure tamfol ɗin da hannuna.

Ita da Baba suka rubuta matakai goma a takarda. Ya kalli motar ta taga, ya taɓa ta, ya riƙe makulli, haka dai. A kowane mataki zai faɗi tsoronsa nawa ne cikin goma, ya tsaya har ya ragu. Baba ya ce shekara talatin yana tuƙi, yau sa'ar 'yarsa ke koya masa buɗe ƙofa. Ta ce ai ita ko fakin ba ta iya ba, in ya gama sai ya rama.

To ranar Talatar nan na yi yadda ta ce, ban yaba ba, ban tambaya ba, na tsuguna kamar ina gyaran takalmi. Ya kai kwatan awa yana zaune a ciki kafin ya murɗa makulli. Shiru, batir ya mutu. Sai ya leƙo ta taga ya harare ni ya ce, "Shekara biyu, duk gidan nan ba mai hankalin tayar da ita?" Yaya, rabon da Baba ya yi min faɗa haka tun kafin haɗarin, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Saura matakai uku. Ki bar shi ya ƙarasa takardarsa, na tabbata zai kai. Ki gaida maigidan, da Babban Yayanmu, da 'yan biyunki.

In kina ganin na ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Inna na tsaye a tagar kicin tana share ido, Auta na bakin famfo, sai Kawu mai walda, wanda Baba ya aika ya aro batir.

Naki,
Ƙaninki kafinta