Ƙarar Injin Niƙa Na Ji, Na Rubuta Akwai Ruwa

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Da arzikin mai ya zo aka kakkafa injinan ruwa a ƙauyuka, ni aka ba babur da aikin zagaya waɗanda ke tsakanin Tambuwal da Kebbe in tabbatar suna aiki. Ƙa'ida ita ce in isa wurin injin, in taɓa shi in ji ɗumi, in ga ruwa yana zuba da idona. To ni sarkin wayo sai na ƙirƙiro dabarar da ke ci a ko'ina: in tsaya bakin babbar hanya, in kashe babur, in kasa kunne. Da na jiyo dum-dum-dum daga nesa sai in rubuta yana aiki, in wuce. Har alfahari nake yi a ofis, wai kunnena ya fi idon wasu gani.

Akwai wani ƙauye da hanyarsa yashi ce zalla, mai kula da injinsu wani dattijo ne, Baba Hali. Mako shida ina tsayawa a mararraba, ina jin ƙara, ina wucewa. Ashe injin ruwan ya tsaya tuni, wani ɗan kasuwa ne ya kafa injin niƙa irinsa a gefensa. Ina zan sani, tunda ban shiga ba? Mutane suka koma shan ruwan tafki, amai da gudawa suka ɓarke, cikin waɗanda suka rasu har da matar Baba Hali. Ranar da na shiga na same shi zaune a ƙofar ɗakin injin, ya ce, "Ɗana, kowace Talata nan nika zama ina jiran ka. Munka aika ofis, anka ce takardarka ta nuna lafiya lau." Da na duba, bel ne kawai ya tsinke, kuma akwai sabo a jakata tun makon farko.

Da shugabanmu ya zo bincike tsoro ya kama ni. Na ce Baba Hali ne ya bar injin ba baƙin mai har ya ƙone, ko na zo ba abin da zan iya. Dattijon ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Allah shina gani." Aka kore shi, ni kuma aka ƙara mini girma bayan shekara biyu. Wace irin zuciya ce da ni?

Shekara bakwai ke nan, kuma har yau mutanen ƙauyen har da 'ya'yansa suna ganin sakacinsa ne ya kashe uwarsu. Makon jiya wani maƙwabcinsa ya same ni, ya ce tsohon yana kwance ba ya ko tashi, kuma ya ba shi saƙo: "Ka ce mashi na yafe mashi tun tuni. Amma shi zo shi faɗa ma ɗiyana gaskiya, kar su rufe ni suna ƙullace da ni."

In na je, aikina da mutuncina sun tafi, nawa 'ya'yan za su ji wane ne ubansu. In na zauna, nasa za su binne shi suna zarginsa. Kwana biyar ina tayar da babur ina kashewa. Jama'a, me zan yi?