Faya-fayanki da na ajiye ƙarƙashin kwano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ba mu ji da gani, Ya sanya ƙauna tsakanin ma'aurata. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga Afra'u, uwargidana, sanyin idona, inuwar tsamiya da tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Bayan haka, yau kwana goma sha tara ke nan da kika koma gidan yayanki Kalla a Treichville, gidanmu na Adjamé ya zame mini kurkuku. Wa zan kai wa ƙara, alhali ni ne mai laifin?

Kin tuna ranar da na kai rediyona gyara shagon Kalla, ina ɗalibi? Ma'aikatan jirgin ruwa sun kawo masa wani faifan Turawa, jitarsa na gunji kamar ƙudan zuma sun cika gwangwani. Na toshe kunnuwa, kika yi dariya har kallabinki ya zame. Wallahi wannan dariyar ta kama ni! Na aure ki bisa alkawarin faya-fayanki za su zauna inda kika zauna. Shekara arba'in da shida kina tara su ɗaya bayan ɗaya, kina goge su da audugar da ba kya bari kowa ya taɓa.

Da aka naɗa ni liman, baƙi suka yawaita, kunya ta rinjaye ni. Kina biki a Abobo na kwashe su na kai ɗakin sama, na kwantar da su ƙarƙashin kwanon rufi, na danne da littattafan fiƙihu don kada ido ya gani. Na san hukuncin ajiya, amma ban san faifai a tsaye ake jera shi ba, ban san rana na lanƙwasa shi kamar ganyen da ya ji wuta ba. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ya hasken gidana, amma ba su yi saɓani a kan karya alkawari ba.

Sau uku ina zuwa kasuwar Adjamé wurin mai tsofaffin faya-fayai. Duk sanda na miƙa hannu, sai wani ya durƙusa yana neman addu'a. Jiya Alhaji Badaruddeen ne ya raka ni har bakin titi, na komo da goro! Rawanin nan ya ɗaure mini ƙafa. Ko an bar ni, me zan ce wa mai shago? Ban iya karatun boko ba. Abin da na sani kawai shi ne faifai mai hoton ido shuɗi a bangonsa, da mai hoton masu gashi buzu-buzu su biyar a kan tsani.

Ba ni da mafita sai ke. Ranar Alhamis bayan la'asar zan hau bato, jirgin ruwan fasinja, in sauka tashar Treichville da rawanina. Ki zo mu tafi kasuwa tare, ki faɗi sunayensu, ni in ɗauko a hannuna, babu ƙunshi, duk mai durƙusawa ya gani. Zan zo. In ba ki fito ba, ina nan tsaye har a kira magariba, Alhamis mai zuwa ma haka.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya kiyaye miki jinki da lafiyarki, Ya yafe mini abin da na ɓata.

Naki har ranar da za a tashe mu,
Abduljalil